Damisa Ƙi Sabo: Abin da Yawon Kwana Bakwai Ke Yi wa Dajin Yala

Da aka rufe lissafin shekarar 2024, hukumar yawon buɗe ido ta Sri Lanka ta sanar cewa baƙi miliyan 2 da dubu 50 da ɗoriya ne suka shiga tsibirin. Aka yi ta murna a Kolombo, gwamnati kuma ta ce miliyan 3 take hange a shekarar da ke biye. Ni wani lissafin ne ya tsaya mini a rai. A 2018 baƙi miliyan 2.3 sun bar wa ƙasar kusan dala biliyan 4.4. A 2024 abin da aka samu bai wuce dala biliyan 3.2 ba. In ka raba, abin da kowane baƙo ke kashewa ya faɗo daga wajen dala 1,900 zuwa wajen 1,550. Kawuna sun kusa komawa yadda suke, aljihu bai koma ba. Ƙasar da bashi ya shaƙe wa wuya kuwa, idan ribar kowane kai ta ragu, abin da ya fi mata sauƙi shi ne ta ƙaro kawuna. Nauyin waɗannan kawunan yana sauka ne a kan wata 'yar kusurwar daji da ke kudu maso gabashin tsibirin, inda damisa take.

Gandun dajin Yala yana da faɗin murabba'in kilomita 979, an raba shi sassa biyar. Amma kusan duk wanda ya ce maka ya je Yala, sashe na ɗaya yake nufi, wanda bai wuce murabba'in kilomita 141 ba. Tun kafin assalatu motoci ke jeruwa a ƙofar Palatupana, a-kori-kura ne da aka ɗora wa kujeru masu tsawo da rumfa, suna jiran ƙarfe shida a buɗe. A ranakun hutu ɗaruruwa suke. A 2016 kaɗai mutum fiye da 600,000 suka shiga gandun. Da zarar direba ɗaya ya hango kotiya, kamar yadda Sinhalawa ke kiran damisa, sai waya ta fara aiki. Cikin 'yan mintuna motoci gommai sun taso a guje daga kowace kusurwa, ƙura ta turnuƙe, hanya ta cushe, wannan yana son ya wuce wancan, injuna na ruri, ita kuwa dabbar tana kwance bisa dutse ko reshen itace, ko tana neman inda za ta ratsa ta isa ruwa. An sha samun damisa da barewa da mota ta banke a cikin gandun da aka kafa domin kare su.

Duk lokacin da irin wannan hoto ya fita, direbobin Tissamaharama, garin da ke kusa da gandun, ake zagi: ba su da tarbiyya, ba su san daji ba, kuɗi kawai suka sani. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A ganina direba shi ne ƙarshen igiya, kuma wanda ke jan ta yana zaune a ofis mai sanyi yana tsara yawon kwana bakwai.

Duba yadda ake sayar da tsibirin. Sri Lanka bai kai jihar Borno girma ba, murabba'in kilomita 65,610 ne, kuma wannan ƙanƙantar ita ce jarin kamfanonin yawo: za mu nuna maka komai cikin mako guda. Baƙo ya sauka a filin jirgin Katunayake, direba ya ɗauke shi a mota, kuma wannan direban ne zai zama jagoransa har ranar komawa. Kwana na ɗaya da na biyu, dutsen Sigiriya inda sarki Kashyapa ya gina fadarsa a ƙarni na 5, da kogunan ibada na Dambulla. Sai Kandy da ɗakin ibadar da ake ajiye haƙorin Buda. Sai gonakin shayi na Nuwara Eliya, sai jirgin ƙasa zuwa Ella domin hoton gadar nan mai baka tara. Daga Ella a gangaro kudu, a ƙare a bakin teku, Mirissa ko ganuwar Galle, a koma filin jirgi. Ka buɗe tallan kamfani goma, tara wannan zoben za su zana maka, bambancin kawai otel ne da farashi.

To Yala yana kan wannan layin daidai, tsakanin Ella da bakin tekun kudu. Tun da aka ƙarasa babbar hanyar kudu zuwa Hambantota a 2020, fita daga yankin ta ƙara sauƙi. Saboda haka mai tsara tafiya ba ya tambayar wane gandu ne ya fi dacewa da wannan baƙo. Yana tambayar wanne ne ba zai ci masa kwana ba. Amsar kullum Yala ce, kuma rabin yini ake ba shi: awa uku ko huɗu, da safe ko da yamma, domin akwai otel da ke jira a gaba. Ƙasar tana da gandun daji fiye da 20. Wilpattu da ke arewa maso yamma ya fi Yala girma, murabba'in kilomita 1,317, da damisa a ciki, da tafkuna na halitta masu farin yashi. Kumana yana maƙwabtaka da Yala ta gabas. A Gal Oya cikin kwalekwale ake kallon giwaye. Laifinsu ɗaya ne, ba su faɗo kan zoben ba, kuma a Wilpattu daji ya fi duhu, sai mai haƙuri yake ganin abin da ya zo nema.

Haƙuri kuwa shi ne abin da tsarin ya cire. Kallon namun daji sana'ar jira ce. Maharbi ya san haka, makiyayi ma ya sani. Wanda ya ba daji kwana uku yana iya kashe injin mota a gefen tafki ya zauna, in damisa ta zo ta zo, in ba ta zo ba akwai gobe, kafin nan ya ga kada da ɓauna da ɗawisu da tsuntsaye iri-iri. Wanda aka ba awa uku, aka kuma manna masa hoton damisa a shafin farko na talla, ba shi da gobe. Ya biya kuɗin jirgi daga Mosko ko Landan ko Mumbai, kuma a ransa an riga an sayar masa da dabbar. Ba zai ce wa direba ya yi gudu ba. Ba ya bukatar ya faɗa. Direba yana karanta fuskarsa ta madubi.

Nan kuɗi ke shigowa. Abin da baƙo ya biya kamfani yana bi ta hannaye da yawa kafin ya isa ga mai riƙe da sitiyari. Kamfanin waje ya cire nasa, na Kolombo ya cire nasa, direban jagora ko otel ɗin da ya haɗa cinikin ya karɓi kamasho, kamar yadda ake karɓa a lambunan kayan yaji na Matale da shagunan duwatsu masu daraja. Mai motar ya ɗauki rabonsa, sau da yawa domin biyan bashin da ya ci ya sayi motar. Gwamnati ta hana shigo da motoci daga 2020 har farkon 2025, farashin mota da kayan gyara ya yi tashin gwauron zabo, hauhawar farashi ta kusa kai kashi 70 cikin 100 a Satumbar 2022. Abin da ya rage wa direban da ya tashi ƙarfe huɗu na dare kaɗan ne, sauran fatansa yana kan tukuicin da baƙo zai miƙa masa a bakin ƙofa, da yabon da zai rubuta a intanet. Tukuicin nan kuwa da damisa yake tafiya. Mutumin da abincin 'ya'yansa ke rataye da wannan, ka ce masa ya bi a hankali alhali abokinsa ya kira shi ya ce ga ta can bisa dutse, ka san amsar da za ka samu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Shi ya sa duk maganin da aka gwada a kan direba kaɗai bai yi aiki ba. A 2015 an gwada katse layin waya a yankin a lokutan da motoci ke ciki, domin a hana kiran juna. Bai ɗore ba. An yi horo, an yi rajista, an dakatar da wasu. A ƙa'ida kowace mota tana shiga da ma'aikacin gandu mai sa ido, amma ma'aikatan ba su kai yawan motocin ba, da yawa haka suke shiga ba kowa. A ƙarshen 2017 hukumar namun daji ta ƙayyade yawan motocin da za su shiga a rana, masu motoci suka yi zanga-zanga, 'yan siyasar yankin suka shiga maganar, ba a jima ba aka ɗaga adadin. Kafin nan, a 2016, Dokta Sumith Pilapitiya, masanin giwaye da aka naɗa shugaban hukumar, ya ajiye aiki bayan 'yan watanni, kuma katsalandan na siyasa aka ambata a matsayin dalili. Mai mota yana da ƙuri'a, yana da ƙungiya, yana da ɗan majalisa. A Oktoban 2022 kuma aka ga wani abin da ya nuna ba talakan direba ne kaɗai ke raina dokar gandu ba: ayarin manyan motocin masu hali ya shiga Yala, suka bar hanya suna wasan tsere a fili, su da kansu suka ɗauki bidiyon.

Gwamnati ba ta da ƙarfin zuciyar rage motoci, kuma dalilin a bayyane yake. Yaƙin basasa ya ƙare a Mayun 2009, shekarar da baƙi ba su kai rabin miliyan ba. Cikin shekara tara suka ninka sau biyar. Sai harin bam na ranar Ista a Afrilun 2019, wanda ya kashe mutum fiye da 260, sai korona da ta mayar da adadin ƙasa da 200,000 a 2021, sai 2022 da ƙasar ta kasa biyan bashinta na waje, layin mai ya kai kwanaki, jama'a suka mamaye fadar shugaban ƙasa, shugaba Gotabaya Rajapaksa ya tsere. Tun Maris 2023 ƙasar ke ƙarƙashin shirin Asusun Lamuni na Duniya na kusan dala biliyan 3. A irin wannan hali kowace dala da baƙo ya biya a ƙofar gandu ana ganinta kamar ruwa a rani. Abin da nake ƙi shi ne ma'aunin. Ministan da ake yaba wa da yawan waɗanda suka sauka a filin jirgi ba zai taɓa sa hannu a takardar da za ta rage ko mota ɗaya ba. Da ana auna shi da kwana nawa baƙo ya yi da nawa ya kashe, da shi zai fara roƙon kamfanoni su kai mutane Wilpattu su kwana biyu.

Hausawa na yi wa damisa kirari da ƙi sabo, kuma kirarin gaskiya ne a kusan ko'ina. Abin da ya sa ta Yala ta yi suna shi ne a tsibirin babu zaki, babu wata dabbar da ta fi ta ƙarfi a cikin masu farauta, don haka tana yawo da rana, tana shan hantsi bisa dutse ba ta tsoron kowa. Shekaru na ganin motoci sun sa wasu daga cikinsu sun daina gudu. Wannan sabon shi ne dukiyar da ake sayarwa, kuma shi ake wasa da shi. Uwar da ke da 'ya'ya, in aka kewaye ta da injuna safe da yamma, ko ta janye zuwa inda mota ba ta kai, ko ta saba har ta daina kaffa-kaffa da hanya. Na farko asarar masu sana'a ce, na biyu asarar dabbar. Irin damisar Sri Lanka ba a samunta ko'ina a duniya sai can, kuma ƙiyasin da ake aiki da shi tun 2020 bai kai manya 800 ba.

A wajen giwa sabon ya riga ya zama cuta. A Yala an yi wani toron giwa mai haure da kowa ya sani da suna Gemunu, wanda ya koyi zura hanci cikin mota yana laluben abinci, saboda an saba ba shi. A hanyar Buttala zuwa Kataragama giwaye na tsayawa tsakiyar kwalta suna jiran ayaba da kankana daga tagar mota, direbobi kuma suna tsayawa domin baƙo ya ɗauki hoto. A bakin shingen gandun Udawalawe ma haka. Giwar da ta koyi cewa abinci yana hannun mutum, gobe a gonar mutum za ta neme shi, ko a juji. A Pallakkadu da ke gundumar Ampara an ba da rahoton giwaye wajen 20 da suka mutu cikin shekara takwas saboda cin leda a juji.

Wannan ya kai mu ga abin da ya fi damuna a dukan lissafin. Ƙidayar 2011 ta sami giwaye 5,879 a tsibirin. Binciken da Dokta Prithiviraj Fernando da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya nuna giwaye na yawo a kusan kashi 60 cikin 100 na ƙasar, kuma a kusan kashi 70 na wannan fili akwai mutane zaune. Ma'ana yawancin rayuwar giwa a wajen gandu take, cikin gonakin shinkafa da sassabe. A 2023 giwaye fiye da 400 aka rasa, mutane fiye da 150 kuma giwaye suka kashe. Ana harbinsu, ana sa musu wayar lantarki, ana ɓoye nakiya cikin kabewa, abin da ake kira hakka patas, ta fashe a baki dabbar ta yi kwanaki tana mutuwa da yunwa. A Fabrairun 2025 jirgin ƙasa ya banke garke kusa da Habarana ya kashe aƙalla shida, a yankin da motocin yawo ke kai baƙi kallon giwaye kowace yamma. Manomin da giwa ta rushe wa rumbu da dare yana ganin motocin nan suna wucewa da safe cike da Turawa. Giwar ɗaya ce: wani ta kawo masa dala, wani ta cinye masa noman shekara. Zoben kwana bakwai ba shi da tasha a ƙauyensa.

Har abin da ake taƙama da shi ba a tsare shi ba. Taron giwaye na Minneriya, inda ɗaruruwa ke haɗuwa a rani a bakin tafkin da sarki Mahasen ya gina a ƙarni na 3, ya dogara ne da janyewar ruwa, domin a nan ɗanyar ciyawa ke tsirowa. Bayan an buɗe madatsar Moragahakanda a 2018 aka riƙa sako ruwa cikin tafkin a rani saboda noma, filin ciyawar ya nutse, taron ya ragu a wasu shekaru. Ma'aikata ɗaya tana tallan taron a kasuwannin duniya, wata tana cika tafkin.

Masu kare sana'ar suna da hujja, ba zan ɓoye ta ba. Sun ce dubban gidaje a Tissamaharama da Kataragama da Habarana da wannan suke ci, kuma gaskiya ne. Sun ce damisar Yala ba ta ƙare ba, har yanzu tana haihuwa, kuma dajin da motoci ke zagayawa kullum ya fi wahalar shiga ga mafarauci da mai noman wiwi fiye da wanda ba kowa. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya. Sun ce in aka tsaurara, aka tsadanta, talakan ƙasar ne zai rasa ganin dajinsa. Na yarda da wannan fiye da sauran, kuma shi ya sa bambancin kuɗin ƙofa tsakanin ɗan ƙasa da baƙo ya kamata ya zauna. Amma duk hujjojin nan suna kare kasancewar yawon ne, ba su kare cusa shi a sashe ɗaya cikin awa uku ba. Cewa dabba ba ta mutu ba tukuna ba shaida ce ta lafiya ba.

Gyaran da nake ganin zai kama ƙasa daga sama zai fara. A sayar da izinin shiga sashe na ɗaya tun kafin ranar, da adadi tsayayye na safe da na yamma, yadda kamfanin da ke tsara tafiya zai san tun yana ofis cewa gurbi na iya ƙarewa, dole ya nemi wani gandun. Indiya, wadda ita ce ta fi kowa aiko wa Sri Lanka baƙi, haka take yi a gandayen damisarta mai zane irin su Ranthambore: an raba daji shiyya-shiyya, kowace mota da shiyyarta, adadi a ƙayyade. Ba a rasa ƙorafi a can ba, amma ba a taru duka a kan dabba ɗaya. Sai a yanka wa direba mafi ƙarancin abin da zai samu a kowace fita, domin a raba cikinsa da tukuici. Sai kuma wani kaso sananne na kuɗin ƙofa ya tafi kai-tsaye ga shingen lantarki na ƙauyuka da na gonaki, irin wanda Fernando ya daɗe yana nuna cewa ya fi aiki idan an kewaye mutane da amfaninsu da shi maimakon a ce za a tsare giwa cikin gandu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba sabon tunani ba ne a Sri Lanka. An rubuta su a rahotanni, an ajiye.

Damisa ma ba a gandu kaɗai take ba. Akwai wani dutse a tsakiyar tsibirin da mai karatun Hausa zai iya sanin labarinsa ko bai san sunan ƙasar na yau ba. Larabawa na kiran tsibirin Sarandib, kuma a ruwayar da ta yaɗu tsakanin Musulmi a kan wannan dutse Annabi Adamu ya sauka, har da alamar sawu a ƙololuwarsa. 'Yan Buda na kiransa Sri Pada, suna cewa sawun Buda ne. Ibn Battuta ya hau shi a 1344, shekara tara kafin ya isa Takedda a ƙasar Nijar ta yau. Gangaren dutsen gonakin shayi ne da guntayen daji, kuma akwai damisa a wurin, ba gandu, ba ƙofa, ba mai biyan dala ya gan ta. Ma'aikatan gonaki na ɗana tarkon waya domin aladen daji, damisa ke faɗawa. A Mayun 2020, a Nallathanniya, garin da mahaya dutsen ke tashi daga cikinsa, aka tarar da baƙar damisa a irin wannan tarko, launin da aka yi shekaru ana zaton ya ɓace daga tsibirin. Wayar ta riga ta ci wuyanta. An ɗauke ta zuwa Udawalawe domin jinya, bayan 'yan kwanaki ta mutu.